Kajin Eduvina

A tsibirinmu na Quinchao, can kudancin Chile,
ruwan sama ne mai gida, mu 'yan haya ne.
Ranar da jirgin fito ya haye da uwata zuwa asibiti,
ta bar mini mabuɗi, da buhun alkama, da kaji bakwai.
Ta ce, "Nibaldo, bi su sannu, ba su san ka ba."
Na yi dariya.
Shekara ashirin ina jan igiyar jirage a Puerto Montt,
yau kaza ce za ta yi mini jarrabawa?

Safiyar farko na buɗe akurki da hannun ɗan dako.
Suka watse.
Zakaran, wanda ta raɗa wa Kyaftin,
ya sauke fiffike ɗaya, ya taho a karkace,
ya sari ƙwaurina, ya ja da baya, ya sake dawowa.
Na ɗaga ƙafa zan maka masa takalmi,
sai maƙwabciya Clorinda ta leƙo ta kan shinge:
"Doke shi yau, ka sayi gaba ta shekara.
Tsoro yake ji. Ka yi masa tsawo da yawa."

Na sa rigar sanyin uwata, ja mai ƙonannen hannu,
na ɗaura ɗankwalinta, ƙato da ni, ina kwaikwayon tafiyarta.
Rosenda, mai toka-toka, ta karkata kai,
ta dube ni da idon hagu, ta juya, ta ƙara da na dama,
ta goge baki a ƙasa sau biyu,
ta wuce.
Ban taɓa shan kunya irin ta wannan rana ba.

Sai na kifa bokiti, na zauna.
Kwana huɗu ina zama, yayyafi na sauka a ƙeyata,
ba kira, ba miƙa hannu, ba kallo ido cikin ido.
A nan na ga abin da tsayuwa ta ɓoye mini:
Chabela ce ke fara ci, ko da Kyaftin na kusa;
ƙaramar baƙar ba ta kusantar kasko
sai kowa ya juya baya;
kukan shaho daban, kukan kare daban,
akwai kuma wani gurnani can ƙasan maƙogwaro
da suke yi in rana ta leƙo suna birgima.
Mai kwanci ta kumbura, ta tsattsage ni a yatsa.
Ban ji haushi ba.
Ni ma da baƙo ya sa hannu ƙarƙashin cikina, da na ciza.

A kwana na biyar wayata ta yi ƙara.
Muryar uwata ce, siririya, mai warin magani.
Ta ce, "Ajiye ni a ƙasa."
Na ajiye ta a kan ciyawa.
Ta yi kiran nan nata, "Tiki, tiki, tikiii,"
sai ga su daga gindin tuffa, daga bayan kunyar dankali,
wuya a miƙe, suna tuntuɓe da juna.
Suka kewaye wayar.
Suka duba bayanta. Suka duba bayana.
Rosenda ta je har bakin ƙofar kicin ta tsaya.

An ce sabo da kaza ba ya hana yanka.
Wannan labarin mai wuƙa ne.
Ba wanda ya tambayi kazar
me take yi da nata sabon.

Da yamma ina zaune a kan bokitin,
ƙaramar baƙar, wadda kowa ke kora,
ta zo ta ja igiyar takalmina,
ta saki, ta sake ja.
Ban motsa ba. Ko numfashi a sace na yi.
Washegari na sami ƙwai ɗaya mai shuɗi-shuɗi
a cikin hular da na manta a rumfar itace,
da sauran ɗuminsa.

Kyaftin dai har yau bai yafe mini tsawona ba.
Ina shiga, ina sunkuyawa.